Daga Kogin Tweed Zuwa Gulbin Rima: Hikimar da Ke Ɗaure a Bakin Ƙugiya

Duk wanda ya taɓa fige zabo ya san gashin nan mai duhu da ɗigo-ɗigon fari. A Wurno ko Rabah ko Goronyo shara ne, a tattara a kai juji, iska ta kwashe sauran. Amma a Sikotlan, can arewacin Birtaniya, fiye da shekara 170 ke nan ana ɗaura wannan gashi a maƙogwaron wata ƙugiyar kamun kifi wadda babu kamarta wajen suna a tsakanin masu fatsa na Turai. Sunanta Jock Scott. Bayan gashin zabo, a jikinta akwai na jimina da na tuji, tsuntsayen da kakanninmu suka sani a dazukan ƙasar Hausa da bakin Sahara.

Masuntan Gulbin Rima ba sa yi wa ƙugiya ado da gashi. Nasu kayan su ne mamari da fatsa da birgi da mali da undurutu. Sai dai idan aka jera sana'o'in biyu, za a tarar tushensu ɗaya ne: sanin halin kifi, da mayar da wannan sani ya zama abin da hannu ke ɗaurawa. Inda suka rabu shi ne, waɗancan sun rubuta nasu sun adana, namu kuwa yana ƙirjin dattawa, kuma ruwan da ya haife shi yana canzawa a gaban idonmu.

Kifin da ba yunwa ke kai shi ga ƙugiya ba

Salmon na Tekun Atilantika, wanda ake ɗaura wannan ƙugiya dominsa, kifi ne mai rayuwa biyu. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar ƙoramu masu sanyi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku ko fiye a can, sannan ya gangara teku. Wasu kan kai har ruwan Girinlan suna kiwo. Idan ya ƙoshi ya yi ƙiba, sai ya juyo ya nemi ainihin kogin da aka haife shi, ya yi ta haurawa yana tsallake duwatsu da magangarar ruwa, har ya isa inda zai yi ƙwai.

Abin mamakin shi ne, daga ranar da ya shigo ruwan daɗi kusan ya daina cin abinci ke nan, kitsen da ya tara a teku shi ke riƙe da shi. To me zai sa kifin da ba ya neman abinci ya kai wa ƙugiya cafka? Masana da masu fatsa sun daɗe suna muhawara. Wasu sun ce tsohuwar ɗabi'ar farauta ce ke motsawa, wasu sun ce haushi ne na ganin baƙon abu ya gitta masa, wasu kuma sun ce son sani ne kawai, tunda kifi ba shi da hannu sai baki. A wannan giɓi ne sana'ar ƙugiyar gashi ta yi girma. Tunda ba wanda ya san takamaiman abin da ke jan kifin, kowane gwani sai ya fito da nasa haɗin launi, ya ce nasa ne maganin abin.

John Scott, wanda ake kira Jock, ba basarake ba ne. An haife shi a 1817, kuma ya yi shekaru yana yi wa wani basarake mai suna Lord John Scott hidimar farauta da kamun kifi a yankin Kogin Tweed. Wajen 1850 ya haɗa ƙugiyar da ta ɗauki sunansa, ya rasu a 1893. Bayan shekara biyu, a 1895, George Kelson ya fitar da littafinsa The Salmon Fly, wanda ya jera ɗaruruwan irin waɗannan ƙugiyoyi, kowace da sunanta da kayan haɗinta daki-daki. Albarkacin irin wannan rubutu ne yau mutum a Japan ko Kanada zai zauna ya ɗaura abin da wani bara ɗan Sikotlan ya ƙirƙiro.

Yadda ake ɗaura ta

Aikin daga wutsiya yake farawa ya nufo kai, kuma zare ɗaya ne ke riƙe da komai. Da farko a naɗa siririyar wayar azurfa da ɗan alharini rawaya a gindin lanƙwasar ƙugiya. Sai wutsiya, wadda ake yi da tukkun wani tsuntsu na ƙasar Sin mai ruwan zinariya. Daga nan a kawo silin gashin jimina baƙi a naɗa, ya zama kamar ɗan zobe.

Jikin kashi biyu ne, kuma da shi ake gane Jock Scott ko daga nesa. Rabin baya alharini ne rawaya, rabin gaba baƙi, kowanne an zagaye shi da zaren azurfa, a tsakaninsu kuma wani zoben gashin jimina. A kan baƙin ake naɗa gashin wuyan zakara baƙi, sannan a ƙarƙashin kai a ɗaura gashin zabo.

Fiffike ne ke raba gwani da ɗan koyo. Akan yanko 'yan siraran sili daga gashin tsuntsaye daban-daban: talo-talo mai farin baki a ƙasa, sai ɗawisu, da tuji, da farin gashin da aka rina rawaya da ja da shuɗi. Kowane silin gashi yana da ƙananan maƙalai a gefensa waɗanda ido ba ya gani sosai, su ne ke haɗe gashin tsuntsu ya zama shafi guda. Mai ɗauri sai ya jera silin wannan tsuntsu kusa da na wancan, ya shafa su da yatsa a hankali har su kama juna, su koma kamar daga jikin tsuntsu ɗaya suka fito. Dole a yi na dama a yi na hagu, kuma su daidaita. In zare ya matse fiye da kima, fiffiken ya karye. In ya yi sako-sako, ya juya gefe. A ƙarshe a rufa masa gashin agwagwar ruwa, a manna ƙananan gashi masu sheƙi a kumatu, a ɗora sili biyu na babban aku na Kudancin Amurka a matsayin ƙaho, a naɗe kai da baƙin zare. Ƙugiya ɗaya kan ci wa ƙwararre sa'o'i, tsawonta kuwa sau da yawa bai wuce ɗan yatsa ba.

A zamanin da aka ƙirƙiro ta, Landan ce babbar kasuwar gashin tsuntsaye ta duniya. A wannan ƙarni na 19 ne kuma ayarin fatake ke ɗaukar gashin jimina daga Kano da Borno su ratsa Sahara zuwa Tarabulus, daga can a wuce da shi Turai. Ke nan ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a cinikin da ya ciyar da wannan ado.

Yadda ake jefa ta

Mai fatsar salmon kan shiga ruwa har gwiwa ko ƙugu, riƙe da sanda mai tsawon mita huɗu ko fiye, wadda ake kamawa da hannu biyu. Ƙugiyar ba ta da nauyi, don haka nauyin igiyar ne ke kai ta nesa. Inda itatuwa suka tsare bayansa, akwai salon jifa da ya samo suna daga Kogin Spey, wanda ake murɗa igiyar a kan ruwa a wurga ta gaba ba tare da ta koma baya ba.

Yakan jefa ta a karkace, tsallaken kogi amma ta ɓangaren gangara, sannan ya bar ruwa ya ja ta a hankali ta gitta gaban inda kifi ke kwance. In ta iso gefensa ba labari, ya yi taki ɗaya gaba ya sake jefawa, har ya gama da wannan gurbi. Lokacin sanyi da cikar ruwa akan sa babbar ƙugiya a nutsar da ita. In ruwa ya janye ya yi ɗumi, sai ƙarama kusa da sama. Babban darasin da ake koya wa sabon shiga shi ne haƙuri: in ka ji an taɓa, kada ka fizga. Bari kifi ya juya da ita tukuna, nauyinsa ne zai kafa masa ƙugiya.

Gwanayen Rima

Gulbin Rima yana samun ruwansa daga Gulbin Maraɗi da Gagare da Bunsuru. Ya ratsa ƙasar Goronyo, ya bi ta gefen Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, kuma a nan kabarinsa yake. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin Gulbin Sakkwato. Kogunan biyu sun haɗu kusa da birnin Sakkwato, suka nufi Argungu da Birnin Kebbi har suka faɗa Kwara. A tsawon wannan hanya su tsohuwar sana'a ce, da Sarkawanta da sarakunan ruwanta, ga kuma manoman fadama da ke taɓa ta idan aikin shinkafa da albasa da tafarnuwa ya lafa.

Ɗaurin mamari kaɗai ya ishi mai kallo ya san akwai ilimi a nan. Doguwar igiya ce, a jikinta an rataya gajerun zare kusa da kusa, kowanne da ƙugiya a bakinsa, sau da yawa ɗaruruwa. Ba a sa mata koto. Akan shimfiɗa ta dab da ƙasan ruwa a kan hanyar da kifi ke bi, ta yadda tarwaɗa ko ramboshi ko kurungu, masu santsin jiki marasa ɓawo, in sun zo wucewa ƙugiya ta kama su a jiki. Suna fizga, na kusa su ƙara kamawa. Tazarar da ke tsakanin ƙugiyoyi, da tsawon zaren kowace, da yawan abin da zai ɗaga igiyar da wanda zai nutsar da ita, duk lissafi ne. Da gora da dutse ake wannan daidaito a da, yau har da dalma da guntayen tsofaffin silifa. Ƙullin kuma dole ya riƙe a jiƙe, bakin ƙugiya ya sha wasa da dutse ko zarto. Kafin zuwan zaren nailan, da rama da auduga ake murɗa igiya, maƙera kuma su ƙera ƙugiya. Yanzu ta kanti ake saye da lamba, kuma duk masunci ya san lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa.

Igiya mai koto kuma wani fanni ne, domin kowane kifi da abin da ke jansa. Tarwaɗa da dare take yawo, da gashin bakinta da hancinta take neman abinci, shi ya sa tana da hanjin kaza, har da guntun sabulu, ke kama ta. Ƙarfasa dusa take so, don haka dunƙulen dusa ake jefawa cikin mali. Giwan ruwa maharbi ne mai kwanton ɓauna, sai da ƙaramin kifi mai rai. Tsage kuwa ga haƙora, in ba a sa waya a wuyan ƙugiya ba ya datse zare ya yi gaba. Masunci ya san bargi na gina sheƙarsa cikin ciyawa idan ruwa ya malala fadama, ya san gaiwa na shigewa laka ta kwanta har rani ya wuce, ya san wanda ake kamawa ta kai saboda ƙaya, da minjiryar da ba a taɓawa da garaje. Ba a banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma ba: abin da ake farauta shi ma yana lura.

Can gashi, nan koto

Dalilin da ya sa ado ya yi tasiri can, ƙamshi da wari suka yi tasiri nan, yana cikin ruwan kansa. Kogunan salmon a kan dutse da tsakuwa suke gudu, galibi garai-garai, kifi na ganin abin da ya gitta. Rima kuwa da damina jan ruwa ne mai ɗauke da laka da yashi, ido ba ya aiki sosai a cikinsa. Kifayen da suka fi yawa a irin wannan ruwa da shinshina da laluba suke rayuwa. Masuntanmu ba su rasa basirar yin ado ba ne, ruwansu ne bai nemi hakan ba.

Duk da haka asalin dabarar ba baƙuwa ba ce a nan. Idan ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, duk wanda ke bakin gulbi ya ga yadda kawara ke tasowa tana cafke waɗanda suka faɗo a kan ruwa. Yaron da ya soka fara a fatsarsa ya ɗora ta a saman ruwa, abin da Baturen farko da ya naɗa gashi a ƙugiya ya so ya kwaikwaya ke nan. Kuma kifayenmu na amsa wannan kira. A Kogin Faro da ke arewacin Kamaru, inda ruwa ke washewa da rani, baƙi daga Turai da Amurka da Afirka ta Kudu na biyan kuɗi masu yawa don su kama giwan ruwa da tsage da ƙugiyar gashi, su auna, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. A can kifi ɗaya mai rai na iya jawo kuɗi fiye da sau ɗaya.

Idan sha'awa ta wuce gona da iri

Tarihin ƙugiyar gashi yana da nasa tabon. Da yawa daga tsuntsayen da tsofaffin littattafai suka lissafa sun yi ƙaranci, kuma tun 1975 yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin irinsu tsakanin ƙasashe. Akasarin masu ɗauri sun koma ga gashin kaji da talo-talo da aka rina, masu kamun kifi kuma sun gano cewa ƙugiya mai sauƙi da aka yi da gashin dabba tana kama salmon kamar yadda mai ado ke kamawa. Amma wasu sun nace sai na asali. A watan Yunin 2009, wani ɗalibin kiɗa ɗan Amurka mai suna Edwin Rist ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, ciki har da waɗanda masani Alfred Russel Wallace ya tattaro tun ƙarni na 19. Ya riƙa sayar da gashinsu ga masu ɗaurin da yawancinsu a gilashi suke ajiye ƙugiyar, ba ta taɓa ganin ruwa.

Namu wuce gona da irin ba na ado ba ne, na matsi ne da gaggawa. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma taru a wurare da dama, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. An daɗe ana kokawa da masu zuba guba irin su gamalin a tafki, su kashe babba da ƙarami, su kuma sa lafiyar mai ci cikin haɗari. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da 'yan keɓaɓɓun lamura. Mamari da fatsa da raga mai faɗin ido suna zaɓe, su ɗauki wanda ya isa su bar na gobe. Gidan sauro ba ya zaɓe, kuma ba ya buƙatar gwaninta. Duk inda ya yi yawa, saurayi ba ya ganin amfanin zama gaban tsoho ya koyi ƙulli.

Ruwan da ya canza hali

An kammala Dam ɗin Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Tsawonsa ya kai kilomita 12.5, tsayinsa kimanin mita 21, kuma an gina shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Yana shayar da Sakkwato da Birnin Kebbi, yana ciyar da noman rani, ya kuma samar da babban tafkin da masunta ke ci daga gare shi duk shekara. Wannan alheri ne da ba mai musu.

Sai dai yawancin kifin gulbi da ambaliyar damina yake haihuwa. Idan ruwa ya hau fadama ya shiga ciyawa, nan kifi ke bi ya zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke samun abinci da mafaka kafin ruwa ya koma. Dam na rage wannan hawa, ya sauya lokacinsa, ya kuma tare hanyar mai haurawa. Binciken W. M. Adams da aka buga a 1985 ya nuna yadda Dam ɗin Bakolori, wanda aka gama a 1978, ya rage ambaliya a fadamun Gulbin Sakkwato da ke ƙasa da shi, noma da su duka suka ja baya. Rabah na cikin garuruwan da ke shan ruwan da ya biyo ta Bakolori.

A Goronyo an ga gefe biyu na matsalar. A Satumban 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki. A farkon 2018 kuma hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta sanar cewa abin da ya rage a dam ɗin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ya nuna muninsa. Su sana'ar dare da asuba ce, ita ce kuwa ta fi jin jiki idan fita ta zama kasada.

Su ma masu Jock Scott ba su tsira ba. A Disamban 2023 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sanya salmon na Atilantika cikin halittun da ke dab da shiga haɗari, bayan yawansa ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020. Madatsun ruwa da ɗumamar yanayi da gurɓatar ruwa na cikin dalilai. Yau a Sikotlan fiye da kashi 90 cikin 100 na salmon da aka kama da sanda mayar da shi ruwa ake yi. Sun adana ƙugiya da kyau, amma sun gane a makare cewa kogi ne ya fi buƙatar tsaro.

Abin da ya rage a hannunmu

Masuncin Rima ba don nishaɗi yake shiga ruwa ba, abincin gidansa yake nema, don haka ba za a ce masa ya kama ya saki ba. Amma akwai abin da za a iya yi, kuma ba baƙo ba ne. Argungu ta nuna hanya: ana hana su a kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe shi don bikin kamun kifi, shi ya sa a bikin 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Bikin, wanda ya samo asali a 1934, ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a 2016. Idan sarakunan ruwa da hakimai da ma'aikatar kifi ta jiha suka haɗa kai, za a iya keɓe wasu gurabu a Goronyo da Wurno da Rabah, a huta musu a watannin haihuwar kifi. Masu kula da dam kuma su sa masunta cikin lissafi yayin tsara sakin ruwa, kamar yadda ake sa manoma.

Sai batun rubutu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta riga ta taɓa wannan fage, domin masu bincikenta sun ƙera wani tarkon kifi mai suna Lege suka gwada shi a Rima tare da mali da undurutu. Abin da ake buƙata yanzu shi ne a zauna da dattawan masunta a rubuta da Hausa, a ɗauka a bidiyo: sunan kowane ƙulli da yadda ake yinsa, tazarar ƙugiyar mamari ga kowane irin kifi, koton kowane wata, sunayen gurabu da zurfinsu, da ka'idojin da sarakunan ruwa ke bi. Aiki ne da ɗaliban sashen kifi da na Hausa za su iya somawa da wayar hannu da littafin rubutu, kuma kowace damina da ta wuce ba a yi ba, akwai dattijon da zai tafi da nasa kason.